Mai Rabon Fili a Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Ɗalibin harshe da ya tattaro kalmomi daga bakin manoman Tasawa da Mayahi, yana son kwamfuta ta ƙirga masa su, sai ya tanadi mazubi tukuna. A C++, harshen rubuta manhaja, mazubi shi ne abin da ke riƙe bayanai, irin su vector da string. Sai dai mazubi ba ya yankar wa kansa wuri a ƙwaƙwalwar na'ura. Akwai mai rabo a bayansa, tamkar maigarin da ke nuna wa baƙo filin da zai kafa rumbu.

Tsarin ya fito ne daga aikin Alexander Stepanov, wanda kwamitin daidaita C++ ya karɓa a 1994, ya shiga ƙa'idar harshen ta 1998.

Hanyar kaiwa ga mai rabon ita ce umarnin get_allocator. Abin da umarnin ke miƙowa kwafi ne, wato wakili mai cikakken iko, ba shi kansa maigarin ba. Ta hannun wakilin ake roƙon fili da allocate, a mayar da deallocate. Filin da aka bayar fayau yake, ba gini a kansa. Sharaɗin mayarwa kuwa duk wanda ya san aron gona ya san shi: wanda ya ba da aro, ko wakilinsa, shi ake mayar wa, kuma daidai faɗin da aka karɓa. Wanda ya saɓa, manhajarsa na iya rushewa ba gargaɗi.

A nan ne Hausa ke da tarkonta. Mai rabon string ba ya ƙirga haruffa, bayit yake ƙirgawa. A tsarin UTF-8, harafin k bayit 1 ne, amma ƙ da ɓ da ɗ da ƴ kowanne bayit 2 yake ci. Kalmar ƙauye haruffa 5 ce, bayit 6. Ƴaƴa kuwa, a rubutun Nijar, haruffa 4 ne, bayit 6. Ɗalibin da ya roƙi fili da lissafin haruffa ya yi gini har cikin gonar maƙwabci, ya taka bayanan da ke can. Abin takaicin shi ne gwaji da kalmomi irin su gero da dawa zai wuce lami lafiya. Sai ranar da aka shigar da ƙaiƙayi ɓarnar za ta auku.