Samar da Irin Tumatur Mai Jure Cutar Nannaɗe Ganye

Cutar nannaɗe ganye tana cikin manyan cututtukan da ke karya manomin tumatur. Ƙwayar bairas ce ke haddasa ta, farin ƙuda kuma shi ke yaɗa ta: ya tsotsi ruwan shuka mai ciwo, ya tashi ya sauka a kan mai lafiya. Shukar da ta kamu tun tana ƙarama sai ta tsumbure, ganyenta ya ƙanƙance ya murɗe sama, fure ya zube bai ƙulla 'ya'ya ba. An fara lura da ita a Kwarin Urdun wajen 1939, yanzu kuwa ita da danginta sun bazu a ƙasashe masu zafi, har da filayen noman rani na Afirka ta Yamma.

Babu feshin da ke warkar da shukar da ta riga ta kamu. Maganin ƙwari yana rage ƙudan, amma ƙudan kan saba da shi. Don haka masana suka mai da hankali ga iri mai jure cutar.

Tumatur ɗin gona ba shi da wannan juriya, sai danginsa na daji da ke tsirowa a Peru da Chile da Ekwado, waɗanda yawancinsu 'ya'yansu ƙanana ne, koraye, ba a miya da su. Akan ɗebi garin furen na daji a yi wa na gona barbara. Abin da ya fito yakan gaji juriyar, amma ya haɗo da munanan halayen daji. Sai a sake aurar da shi ga na gona, a zaɓi masu juriya, a kuma maimaita, zubi bayan zubi, har 'ya'yan su dawo manya jajaye. Aikin yakan ci shekaru, kuma nan ne ake gane mai haƙuri. A da sai an saki farin ƙuda mai ɗauke da cutar a kan dashe a ga wanda zai tsira. Yanzu gwajin ɗan guntun ganye a ɗakin bincike yana nuna ko shukar ta gaji juriyar.

Ta wannan hanya aka fitar da irin TY20 a Isra'ila a 1988. A 1994 aka gano ƙwayar gadon juriya Ty-1 daga tumatur ɗin daji Solanum chilense, daga baya aka tantance Ty-2 daga wani na daji, Solanum habrochaites. Cibiyar binciken kayan lambu ta duniya da ke Taiwan tana haɗa ƙwayoyin gado biyu ko uku a iri ɗaya, domin guda ɗaya tak ba ta da tabbas. An ga misali a wata cutar dabam: juriyar Tm-2² ta yi shekaru masu yawa tana tsare tumatur daga cutar dabbare ganye, sai wata sabuwar bairas ta ɓulla a Isra'ila da Urdun wajen 2014 zuwa 2015 ta karya ta.

Ya kamata manomi ya sani, iri mai juriya yana iya kamuwa, sai dai cutar ba ta hana shi haihuwa. Yawancinsa kuma iri ne mai aure, wanda in aka matse 'ya'yansa aka ajiye don baɗi, halayensa kan warwatse. Ana so a rufe gadon reno da raga, a tuge shukar da ta kamu da wuri. A Baguineda ta ƙasar Mali, manoma sun haɗa irin da dokar dakatar da noman tumatur da barkono na wata biyu a shekara, domin ƙudan da ya ƙyanƙyashe a lokacin ya rasa inda zai ɗauko cutar.