WALDA DA INJI MAI SARRAFA KANSA: YADDA AKE ƊINKE ƘARFE A GICCIYE

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa titunan Birnin Kebbi ko Argungu ba zai rasa cin karo da masu walda a bakin hanya ba, suna haɗa ƙofofi da gadaje da tankunan ruwa da gangunan turara shinkafa. Noman shinkafa a fadamun Gulbin Rima ya ƙara wa wannan sana'a muhimmanci. A shekarar 2015 aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, sannan a 2017 aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu. Masana'antu irin wannan suna aiki ne da tukwanen tururi da manyan tankuna, kuma idan ɗinkin irin waɗannan kaya ya ɓalle, asarar ba ta tsaya ga dukiya ba, har rai takan taɓa. Wannan darasi zai yi bayani a kan ɗaya daga cikin ɗinkuna masu wuyar sha'ani, wato ɗinkin gicciye, da kuma yadda inji yake yin sa.

Yadda lantarki yake narkar da ƙarfe

Idan aka jona waya ɗaya ga ƙarfen da za a yi wa aiki, ɗaya kuma ga sandar walda, sannan aka goga sandar aka ɗan ɗaga ta, wutar lantarki takan tsallake 'yar tazarar da ke tsakani ta cikin iska. Wannan harshen wuta shi ake kira bakan wuta. Zafinsa yakan haura digiri 5,000 a ma'aunin Selshiyos, alhali ƙarfe yana narkewa ne a wajen digiri 1,500. Saboda haka bakin ƙarafan biyu da kan sandar sukan narke su gauraya, idan sun huce su zama abu guda.

Humphry Davy na Ingila da Vasily Petrov na Rasha su ne suka fara nuna bakan wuta a farkon ƙarni na 19. A 1881 Nikolai Benardos ya yi walda da sandar gawayi, a 1888 kuma Nikolai Slavyanov ya yi da sandar ƙarfe mai narkewa. Sai dai an tarar cewa iskar oksijin da naitirojin suna kutsawa cikin narkakken ƙarfe, su bar masa ramuka, su sa shi gautsi. Oscar Kjellberg na Suwidin ya magance wannan a farkon ƙarni na 20, inda ya lulluɓe sandar da wani ɓawo wanda idan ya ƙone yake kare ɗinkin daga iska. Irin wannan sanda ce ake gani a hannun masu walda har yau.

Matsalar ɗinkin gicciye

Kowane magini ya san daɓe ya fi yaɓe sauƙi, domin abin da aka zuba a ƙasa yana zama inda aka sa shi, wanda aka shafa a bango kuwa neman gangarowa yake yi. Haka abin yake a walda. Babban tanki ana gina shi ne da fallayen ƙarfe, zobe bisa zobe, kuma tsakanin kowane zobe da na samansa akwai ɗinki da ya zagaye tankin kamar ɗamara. Wannan shi ne ɗinkin gicciye. Da yake bangon a tsaye yake, nauyi yana jan narkakken ƙarfe zuwa ƙasa. Idan zafi ya yi yawa ko hannu ya yi jinkiri, sai gefen sama ya zaizaye ya bar kwari, gefen ƙasa kuma ya tara tudu wanda bai kama jikin fallen ba. Daga irin waɗannan wurare ne tsagewa take farawa.

Ga kuma tsawon aikin. A ɗauki misalin tanki mai faɗin mita 30. Kewayensa ya kai kimanin mita 94. Idan zobba shida ne, ɗinkunan da ke tsakaninsu biyar ne, wato kimanin mita 470. Sandar walda ba ta kai rabin mita ba, don haka dole mai walda ya tsaya sau da yawa ya sauya ta, kuma kowace tsayawa kafa ce ta shigar aibi. Bayan haka hannu yana gajiya, ido ma yana gajiya.

Yadda injin yake aiki

Hanyar da aka fi bi wajen wannan aiki ita ce walda a ƙarƙashin gari. An ƙirƙiro ta a Amurka cikin shekarun 1930, kuma cibiyar da Evgeny Paton ya kafa a birnin Kiyef a 1934 ta bunƙasa ta ƙwarai, har aka ƙera tankokin yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Biyu. Gadar Paton da aka buɗe a wannan birni a 1953, mai tsawon fiye da kilomita ɗaya da rabi, da walda aka haɗa ta gaba ɗaya.

Injin ɗinkin gicciye ana rataya shi ne a bakin zoben da ke sama, yana tafiya a kan tayoyi yana zagaya tankin. Muhimman sassansa huɗu ne:

1. Nadin waya: maimakon gajeriyar sanda, doguwar waya ce wani ƙaramin mota yake turowa ba yankewa.
2. Mazubin gari: yana zubo wani gari mai kama da yashi, wanda aka haɗa daga ma'adanai irin su farar ƙasa da silika, ya binne bakan wutar.
3. Bel mai tallafe gari: da yake gari ba ya zama a jikin bango, akwai bel da ke manne a ƙasan ɗinkin yana riƙe shi. Wannan ita ce dabarar da ta sa aikin ya yiwu a gicciye.
4. Akwatin sarrafawa: a nan ake daidaita ƙarfin wuta da saurin waya da saurin tafiya.

Wani ɓangare na garin yakan narke ya zama ɓawo, kamar kashin maƙera. Wannan ɓawo yana tare iska, yana tokare narkakken ƙarfe har ya daskare, yana kuma sa ɗinkin ya huce a hankali. Sauran garin da bai narke ba ana zuƙe shi a sake amfani da shi. Idan fallen mai kauri ne, ba a cika ɗinkin a zagaye ɗaya. Ana yin siraran layuka ne daga ƙasa zuwa sama, kowane layi ya zama matashin na bisansa.

Yadda injin yake gyara kansa

Ɗaliban ilimin halittu sun san yadda jikin ɗan Adam yake riƙe zafinsa a wajen digiri 37. Idan zafi ya hau, gumi ya karyo ya sanyaya jiki. Idan ya sauka, makyarkyata ta ɗumama shi. Injin walda yana da irin wannan tsari. Idan wayar ta kusanci ƙarfe fiye da kima, bakan wuta ya gajarta, sai wutar da ke gudana ta ƙaru, wayar ta narke da sauri, tazarar ta koma yadda take. Idan bakan ya yi tsawo, wutar ta ragu, narkewa ta yi jinkiri har wayar ta cim ma wurinta. Wannan gyara yana aukuwa cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Fifikon inji a kan hannu ba ƙarfi ba ne kawai, rashin sauyawa ne: yadda ya fara haka yake gamawa.

Ido da huhu

Bakan wuta yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wato altirabayolet, wanda yake ƙona tantanin da ke gaban ƙwayar ido. Ciwon ba ya bayyana nan take sai bayan sa'o'i shida zuwa goma sha biyu, shi ya sa yaron shago yakan farka cikin dare yana jin kamar an zuba masa yashi a ido. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya maye gurbin garkuwar walda. Hayaƙin ma yana da illa, domin a 2017 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji. A walda ta ƙarƙashin gari kuwa, hasken a binne yake, hayaƙin kuma kaɗan ne.

Gwajin ɗinki

Inji ba ya kawar da bukatar bincike. A watan Janairu na 1943 wani sabon jirgin dakon mai na Amurka mai suna Schenectady ya rabe biyu yana tsaye a tasha. Binciken Constance Tipper ta Jami'ar Kambirij ya nuna cewa ƙarfen jiragen wancan zamani yana yin gautsi cikin sanyi, ta yadda ƙaramar tsaga takan ratsa jirgi sukutum. Shi ya sa ake duba manyan ɗinkuna da hoton eksire ko na'urar sauti. Ƙaramin mai walda ma yana da nasa gwajin: ya shafa alli a gefe ɗaya na ɗinki, kananzir a ɗaya gefen; duk inda allin ya jiƙe, akwai kafa.

Kammalawa

Wannan inji yana da tsada, yana bukatar wuta mai ƙarfi wadda ba ta yankewa, kuma bai dace da sirirarren ƙarfe ko gajeren ɗinki ba. Saboda haka ba zai kori mai waldan bakin hanya ba. Amma ƙa'idojinsa uku, wato tsabtace bakin ƙarfe, daidaita tazara, da tafiya bai ɗaya, su ne ƙa'idojin kowace walda mai inganci. Ɗalibin da ya riƙe lissafi da kimiyya, ya wuce makaranta irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, shi ne zai iya saita irin wannan inji ya kuma tantance aikinsa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ɗinkin gicciye ya fi na shimfiɗe wuya?
2. Kawo ayyuka uku na ɓawon da gari yake samarwa.
3. Tanki mai faɗin mita 20 yana da zobba biyar. Mita nawa ne jimlar ɗinkunan da ke tsakanin zobban?