Yadda Ake Auna Rata Tsakanin Sigina Biyu da Osiloskof

Mata biyu masu lugude a turmi ɗaya saurinsu ɗaya ne, amma taɓarensu ba sa sauka tare. In ɗaya ta sauka, ɗaya tana sama. Haka sigina biyu na lantarki sukan yi: suna hawa da sauka da sauri iri ɗaya, amma ɗaya tana gaba. Wannan rata ce muke aunawa, da digiri. Zagaye ɗaya cikakke digiri 360 ne, don haka ratar masu luguden nan digiri 180 ce. Da su uku ne, sai ta zama 120, kamar yadda take tsakanin layuka uku na babbar wutar lantarki. Mai haɗa janareto biyu a layi ɗaya kuwa, in bai daidaita wannan rata ba, yana iya ƙona su.

Osiloskof na'ura ce mai allo wadda ke zana siffar sigina, allon kuma an raba shi gida-gida. Bari mu gwada da wutar ƙasarmu, wadda ke yin zagaye 50 a daƙiƙa, wato kowane zagaye milisakan 20. Kada mu kuskura mu jona na'urar da soket kai tsaye! Sai mu bi ta taransifoma mai rage wuta zuwa bolt 12. Mu jera rizisto mai om 10,000 da kafasito mai maikrofarad 0.33. Kafa ta ɗaya ta duba wutar taransifoma, ta biyu ta duba ta kafasito. 'Yan maƙalan ƙasa na kafofin biyu a haɗe suke a cikin na'urar, saboda haka wuri ɗaya za mu maƙala su.

Mu saita lokaci a milisakan 2 kowane gida, sai zagaye ɗaya ya cika gida 10. A nan ne ɗalibai sukan yi garaje. Dole layukan biyu su zauna daidai kan layin tsakiya tukuna, in ba haka ba lissafin duka ya ɓaci. Sannan mu duba inda kowace sigina ta ratsa layin tsakiya tana hawa, mu ƙirga gidajen da ke tsakani. Za mu sami kusan gida 1.25. Mu raba da 10, mu ninka da 360: digiri 45 ke nan. Wadda ta ratsa daga dama ita ce a baya, wato ta kafasito.

Akwai wata hanya mai sunan Lissajous, masanin Faransa na ƙarni na 19. Sigina ɗaya tana jan ɗigon haske a kwance, ɗayar a tsaye. Idan babu rata, miƙaƙƙen layi muke gani a karkace; idan digiri 90 ce kuma ƙarfinsu ɗaya, sai da'ira; tsakaninsu kuwa siffar ƙwai. Tana da ban sha'awa, amma mun fi son ta farko, domin siffar ƙwai ba ta nuna mana wace sigina ce ke gaba.