Kurmi Kamar Tsibiri Ne

Abin karantawa: Farawa 2:8-15.

'Yan'uwa, cikin shekara ta 1967 waɗansu masana biyu na Amurka, MacArthur da Wilson, suka nuna cewa ƙaramin tsibiri ba ya iya riƙe halittu iri da yawa. In kuwa yana nesa da gaɓa, sa'anda wani iri ya ƙare a cikinsa, da wuya wani ya ƙetaro ya maye gurbinsa. Tun 1979 ana gwada wannan a kurmin Amazon: inda aka sare itatuwa aka bar guntayen kurmi a ware, tsuntsaye iri iri sun ɓace.

Ba sai mun je teku ba. Dajin Afaka, wajen Mando, gonaki da gidaje suna cinsa, yana zama tsibiri. A unguwar Kurmin Mashi kuwa, suna ne ya rage.

Allah ya danƙa wa Adamu gona amana ce. Mu fa masu riƙon amana ne, za mu kuwa ba da lissafi.

Tambaya: Itatuwa nawa ikilisiyarmu za ta dasa da daminan nan, wa zai shayar da su da rani?