Sarkin Ƙofar Kwamfutarka

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya min ka sayi kwamfuta, kana ta tambayar wace katangar tsaro za ka saka mata cikin waɗanda ake bayarwa kyauta. Allah Ya sa albarka. Bari in faɗa maka abin da na gani, sai ka zaɓa da kanka.

Kwamfutar da ta hau intanet kamar birni ce mai ganuwa, sai dai ita ƙofofinta sun haura dubu 65. Katangar nan, wadda masu gyara ke kira fayawol, aikin sarkin ƙofa take yi: ta duba mai shiga, ta duba mai fita. A 2003, da ƙwayar cutar Blaster ta ɓarke, mutum na jona kwamfutarsa da intanet sai ta kamu, bai taɓa komai ba, ta dinga mutuwa tana tashi. A 2004 Microsoft ta gyara Windows XP yadda katangarta za ta riƙa zuwa a kunne. Saboda haka ka sani, kana da mai gadi tun ranar da ka buɗe kwalin. Kada ka raina shi. Wajen tare baƙon da ba a gayyata ba, ya wadatar da gida irin naka.

Rauninsa ɗaya ne. Yadda yake zuwa, yana tsananta wa mai shigowa, amma duk manhajar da ke cikin gida tana fita ba ya tambayar ta ina za ta. A nan ne sauran katangun suka bambanta.

ZoneAlarm tsohuwar hannu ce, tana ƙarƙashin kamfanin Check Point na Isra'ila. Idan baƙuwar manhaja ta nemi fita, sai ta tsayar da ita ta tambaye ka. Comodo ta fi ta zurfi, domin har keɓe manhajar da ba ta yarda da ita ba take yi, ta bar ta ta yi aiki a killace inda ba za ta taɓa sauran kaya ba. Ina girmama ta ƙwarai, amma ba zan ba ka ita yanzu ba. Idan aka tsaurara ta, tambayoyinta suna da yawa, kuma da harshen masana take yin su. Na sha ganin mutum ya wuni yana karantawa a ranar farko, kafin mako ya zagayo ya gaji, duk abin da ya fito sai ya danna amincewa don ya samu ya ci gaba da aikinsa. Daga ranar katangar ta zama ado. Wannan shi ne abin da nake ji maka tsoro, fiye da kowane ɓarawon intanet.

TinyWall kuwa, wadda wani ɗan ƙasar Hangari ya ƙirƙira, ba ta da surutu ko kaɗan. Rufe kusan komai take yi shiru, sai wanda ka buɗe wa da hannunka. Ba ta da nauyi, ta dace da ƙaramar kwamfuta. Sai dai ka riƙa tunawa da ita, don wata rana sabuwar manhaja za ta ƙi hawa intanet ka ɗauka layi ne ya ɗauke. Ita kuma Windows Firewall Control, wadda Malwarebytes ta saya a 2018, linzami ce kawai da ake ɗaura wa katangar Windows, ta ba ka ikon hana fita cikin sauƙi. Da ni ne kai, ita zan fara gwadawa. Akwai ma wata riba ga mu masu sayen data da ƙididdiga: za ka ga manhajojin da ke shanye maka ita a ɓoye, ka rufe musu hanya.

Ko wacce ka ɗauka, guda ɗaya ta isa. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ka haɗa ZoneAlarm da Comodo, rikici za su yi, kwamfutar ta yi nauyi. Ka sauko da katangar daga shafin masu ita, kuma lokacin sakawa ka karanta kowane mataki, don wasu kan cusa ƙarin kayan da ba ka nema ba.

Sai maganar da ta fi damuna. Abokanka za su kawo maka manhajojin sata a filashi, kuma sau da yawa umarnin farko da ke tare da su shi ne ka kashe tsaro kafin ka saka. Da ɗan gari kan ci gari, ɗana. Abin da ka shigo da shi da hannunka, sarkin ƙofa ba shi da yadda zai yi da shi, kuma katanga ba ta maye gurbin rigakafin ƙwayar cuta ko sabunta Windows ba.

Ka duba min ma wace Windows ce a ciki, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 kamar da tun 14 ga Oktoba, 2025. In ka samu sarari ranar Juma'a bayan an sauko, ka zo da ita gida mu zauna a zaure mu daidaita ta tare.