Yadda Ake Gyara Hannun Ƙofar Mota Idan Ya Fara Cijewa

Hannun ƙofa ba ya karyewa rana ɗaya. Da farko zai yi tauri, ko ka ja shi ya ƙi komawa mazauninsa, kai kuma ka dinga fizga har ranar da zai biyo hannunka. Masu tsofaffin Camry da Sienna masu hannun roba sun san zancen. Galibi ba abin da ya lalace. Ƙurar hunturu ce ta cakuɗa da tsohon giris ta daskare, damina ta zo ta ɗora tsatsa a kan sifirin.

Ka tanadi gwangwanin WD-40 mai siririn jan bututun nan, da feshin silikon, da farin giris na lithium wanda ake fesawa, da garin girafait, sai tsohon buroshin haƙori, tsumma da sukudireba. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna duk za ka samu. Ka duba gwangwanin da kyau, jabu ya yi yawa.

Kafin mu fara: duk wanda ya ce ka ɗiga man birki, ka yi masa godiya ka wuce. Man birki yana cin fenti, zai bar maka tabo daga hannun har ƙasan ƙofa. Baƙin mai kuwa kiran ƙura yake yi, man gyaɗa kuma daskarewa yake ya zama kamar ƙaro.

1. Wanke hannun da ruwa da sabulu, ka bar shi ya bushe.

2. Gano inda ciwon yake. Nan ne mutane ke ɓata lokaci, suna ta feshi a hannun alhali matsalar tana makullin da ke gefen ƙofa. Buɗe ƙofar, ka dubi gefenta, za ka ga bakin ƙarfe mai ƙugiya, wanda ke kama ƙarfen da ke jikin mota idan an rufe. Sa sukudireba a kwance cikin bakin nan ka tura ƙugiyar ciki. Za ka ji "ƙas" sau biyu. Yanzu ja hannun waje, kana ɗan jawo sukudireban baya, sannan ka maimaita da hannun ciki.

Idan duka biyun suna da tauri, makullin ne. Idan na ciki lafiya lau, na waje ne kaɗai ke cijewa, to laifin yana hannun ko sandar da ta haɗa shi da makulli.

Kada ka kuskura ka rufe ƙofa ƙugiyar tana a kulle. Za ta daki ƙarfen ta dawo, ka ƙara wa kanka aiki. Ja hannun ka saki ƙugiyar tukuna, ka gani da idonka bakin ya buɗe.

3. Wanke dattin. Ɗaga hannun ka riƙe shi a buɗe, tsumma a ƙasa don tare abin da zai zubo. Zura bututun a kusurwar da hannun ke juyawa, ka fesa WD-40 kaɗan kaɗan. Ja ka saki, ja ka saki, har baƙin ruwa ya daina fitowa. Haka za ka yi wa makullin, ka goge ƙugiyar da buroshi.

4. Yawanci a nan ake tsayawa, shi ya sa bayan 'yan makonni taurin ke dawowa. WD-40 na korar ruwa ne da sassauta tsatsa, ba ya daɗewa a wuri. Bari ya tsane, ka goge, sannan ka sa mai na gaskiya: silikon inda roba ke gugar roba, farin giris a makulli inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Kaɗan ya isa. Duk abin da ya yi saura a waje abincin ƙura ne, goge shi tas.

5. Ramin mabuɗi ba ya son giris. Garin girafait ake hura masa, ka zura mabuɗin ka juya sau da yawa.

6. Gwada ƙofar a buɗe, sannan a rufe.

In ka yi duk wannan hannun yana nan sakwaf, ba ya komawa da kansa, to sifirin ya karye ko maƙalin robar da ke riƙe sandar ya fita. Feshi ba ya ɗinke karaya. Sai an cire murfin cikin ƙofa, kuma in ba ka saba ba, kai wa mai gyaran bodi, don maƙalan murfin ba su da wuyar karyewa. Idan kuwa hannun ya saki, ka riƙa maimaita aikin a ƙarshen damina da ƙarshen hunturu, kuma ƙofofin huɗu duka, har da ta baya da ba a cika buɗewa ba, don ita ce ke fara cijewa.