Kwamfuta Ɗaya Ga Kowane Yaro

Kowace irin makaranta tana da kayan aikinta. Almajiri yana da allo da tawada da alƙalami. Ɗan makarantar boko yana da littafi da fensir, malaminsa kuwa yana da baƙin allo da alli. A zamanin nan an sami ƙarin wani abu, watau kwamfuta, har waɗansu mutane suna cewa ita ce za ta kori jahilci daga duniya. To, kafin mu gaskata su ko mu ƙaryata su, ya kamata mu ji labarin waɗanda suka gwada abin, gama an gwada shi, an kuwa kashe dukiya mai yawa a wajen gwajin.

A cikin watan Janairu na shekarar 2005 aka yi wani taro na shugabanni da attajirai a garin Davos, a ƙasar Suwizalan. A wurin taron nan wani malami mutumin Amurka, sunansa Nicholas Negroponte, ya kawo wata shawara. Shi malami ne a wata babbar jami'ar fasaha da a ke kira MIT, kusa da birnin Boston. Ya ce yana so a ƙera wata 'yar ƙaramar kwamfuta wadda kuɗinta ba zai wuce dala 100 ba, gwamnatoci su saya da yawa, su raba wa yaran ƙasashe matalauta, kowane yaro da tasa. Ba ta makaranta ba ce, balle a kulle ta a ofishin hedimasta. Ta yaron ce, ya zo da ita da safe, ya koma gida da ita in an tashi. A lokacin nan kuwa kwamfutar da a ke iya ɗauka a hannu, kuɗinta ya ninka wannan sau da yawa, sabo da haka mutane da dama suka ɗauki maganar tatsuniya ce.

Wannan tunani ba daga kansa kaɗai ya fito ba. Yana da wani abokin aiki, Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, masanin lissafi, wanda ya daɗe yana nazarin yadda yara ke koyon abu. Ra'ayin Papert shi ne, yaro ya fi fahimtar abin da ya gina da hannunsa bisa abin da aka faɗa masa da baki. Tun a shekarar 1967 shi da abokansa suka shirya wata hanya ta ba kwamfuta umurni, mai sauƙi, domin yara, suka sa mata suna Logo. Ga yadda abin ya ke. A fuskar kwamfuta akwai ɗan kunkuru, duk inda ya bi sai ya bar zane a bayansa. Yaro ya kan ce masa ya yi gaba taki 100, sa'an nan ya juya dama digiri 90. In ya maimaita wannan umurni sau huɗu, sai ga murabba'i ya fito, kusurwa huɗu daidai wa daida. In kuwa ya yi kuskure ya ce digiri 80, zanen ba zai haɗu ba, bakinsa zai tsaya a buɗe. Ba wanda ya tsawata masa, ba wanda ya ja masa jan layi a littafi. Shi da kansa ya ga abin bai yi ba, ya koma ya nemi inda ya ɓata, ya gyara. Yaron da ya yi wannan sau biyu ko uku, da wuya ya manta ko mece ce kusurwa. Ku gwada a filin makaranta ko ba kwamfuta: ɗaya ya zama kunkuru yana jan sanda a ƙasa, ɗaya ya riƙa ba shi umurni, ku ga irin zanen da zai fito.

A watan Nuwamba na 2005 aka nuna samfurin kwamfutar a birnin Tunis. Wanda ya tsaya tare da Negroponte a ranar shi ne Kofi Annan, mutumin Gana, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin nan. An yi wa samfurin wani mariƙi a gefe wanda a ke juyawa da hannu, kamar na keken ɗinki, wai don yaron da ba lantarki a garinsu ya riƙa samar mata wuta da ƙarfinsa. Da Kofi Annan ya kama mariƙin nan zai juya, sai ya fita a hannunsa. Daga baya maƙeran suka cire shi daga jikin kwamfutar ɗungum, don sun ga yawan juyawar zai raunana ta.

Duk da haka, abin da suka ƙera daga ƙarshe abin yabo ne, gaskiya a faɗe ta. Sunanta XO, launinta kore da fari, nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi, tana da mariƙi a sama yadda yaro zai rataya ta a hannu kamar jaka. An lulluɓe madannanta da roba don kada ƙura ko ruwa su shiga. Tana da eriya biyu masu miƙewa kamar kunnen zomo, da su ta ke magana da 'yan'uwanta na kusa. Ba ta cin wuta da yawa. Abin da ya fi kome ban sha'awa kuwa shi ne fuskarta, wadda wata mace injiniya, Mary Lou Jepsen, ta tsara. Kun san in aka fita da waya cikin rana tsaka ba a ganin rubutun da ke kanta sosai. Ita wannan, in an rage haskenta sai ta koma baƙi da fari kamar takarda, hasken rana ma ƙara mata kyau ya ke yi. Wanda ya san makarantun da a ke karatu a gindin bishiya ya san amfanin wannan.

Amma fa kuɗin bai tsaya a dala 100 ba. Sa'ad da aka fara ƙera ta da yawa, a watan Nuwamba na 2007, kowace ɗaya ta kama wajen dala 188. Ku ɗauki fensir ku yi lissafi. Aji mai yara 40, da an sayar a dala 100, dala 4,000 ke nan. A dala 188 kuwa sai an biya dala 7,520. Aji ɗaya ke nan, ba a kuwa sa kuɗin gyara ba, ba a sa na wuta ba, ba a sa na koya wa malamai ba. Gwamnatocin da suka nuna sha'awa da fari, irin su Birazil da Libiya da Tailan da Nijeriya, an sa rai kowace za ta sayi kamar miliyan ɗaya. Da lokacin biya ya zo, sai yawancinsu suka ja da baya.

Ƙasarmu tana cikin wuraren da aka fara gwajin. A shekarar 2007 aka raba wajen guda 300 a makarantar firamare ta Galadima, a gefen Abuja. Yara suka yi murna ƙwarai, 'yan jarida suka zo daga ƙasashen waje suka ɗauki hoto. Amma gwamnati ba ta sayi miliyan ɗin da a ke zato ba. Ministan ilmi na lokacin nan ya ce, ina amfanin ba yaro kwamfuta alhali ba shi da bencin da zai zauna a kai? Waɗansu sun ga laifinsa a kan wannan magana. Mu dai da aikinmu ya ke zagaya makarantu, mun sha ganin aji mai yara fiye da ɗari a zaune a ƙasa, rufi yana yoyo, alli ma sai malami ya saya da kuɗinsa, sabo da haka ba mu iya cewa tambayarsa ba ta da tushe.

Ƙasashe biyu ne suka rungumi abin da gaske, dukansu a Amurka ta Kudu, watau Peru da Yurugwai. Labarinsu ne ya fi cancanta a tsaya a kansa.

Peru ƙasa ce mai manyan duwatsu, ƙauyukanta suna nesa da juna, a makarantu da yawa malami ɗaya ne ke riƙe da aji biyu ko uku a ɗaki guda. Gwamnatinsu ta sayi kwamfutocin nan fiye da 800,000, ta fara rabawa daga makarantun ƙauye mafi talauci. Sa'an nan aka yi wani abu na hikima. Masu bincike na wani babban banki mai ba ƙasashen yankin rancen raya ƙasa suka ɗauki makarantu 319, aka yi ƙuri'a, waɗansu aka ba su kwamfuta, waɗansu aka ce su dakata tukuna. Me ya sa aka yi ƙuri'a? Domin da an bar wani ya zaɓa, watakila ya ba makarantun da suka riga suka fi kyau, in yaransu suka ci jarrabawa a ce kwamfuta ce, alhali kuwa da ma can sun fi. Manomin da ke son ya san ko taki yana da amfani, sai ya raba gona ɗaya biyu, ya zuba wa rabi, ya bar rabi, ranar girbi ya auna.

Bayan wata 15 aka yi wa yaran duka jarrabawa, aka bayyana sakamakon a shekarar 2012. Yaran da suka sami kwamfuta sun iya aiki da ita sosai, sun kuma ɗan fi sauran a wata jarrabawa ta auna kaifin tunani. Amma a lissafi da karatu, waɗanda su ne ginshiƙin makarantar firamare, ba a ga wani bambanci ba. An zuba littattafai wajen 200 a cikin kowace kwamfuta, duk da haka yaran ba su ƙara yawan karatu ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Da aka duba, sai aka ga kusan dukan makarantun nan ba su da intanet. Horon da aka shirya wa malamai na sa'a 40 ne, watau kamar mako ɗaya, waɗansu ma ba su same shi ba. Ba a haɗa abin da ke cikin kwamfutar da manhajar da malami ya ke bi ba, sabo da haka sau da yawa abin da yara su ke yi shi ne su kwafe rubutun baƙin allo su zuba a kwamfuta, aikin da littafi da fensir sun isa su yi. Waɗansu yaran kuma ba su zuwa gida da ita, don iyaye suna tsoron in ta lalace a ce su biya. Ashe an sāke kayan aiki ne kawai, koyarwa kuwa tana nan yadda ta ke.

Yurugwai ƙaramar ƙasa ce, mutanenta ba su kai miliyan 4 ba. Shugabansu na lokacin, Tabaré Vázquez, likita ne. A shekarar 2007 ya kafa wani shiri mai suna Ceibal, sunan kuwa yana da nasaba da wata bishiya mai jan fure wadda su ke alfahari da ita. Kafin ƙarshen 2009 kowane yaro na makarantar firamare ta gwamnati ya sami kwamfutarsa, malamai ma haka. Su ne ƙasar farko a duniya da ta yi wannan. Kada ku zaci nan da nan yaransu suka zama gwanayen lissafi. Su ma da aka auna a shekarun farko, ba a ga ƙari a lissafi da karatu ba, kamar dai Peru.

Inda suka bambanta shi ne ba su tsaya a rabo ba. Sun kai intanet makarantu, sun shirya yadda za a riƙa gyara wadda ta lalace, suna canja tsofaffi da sababbi. Sa'an nan suka zauna suka tambayi kansu, wace matsala ce mu ke da ita wadda wannan na'ura za ta iya warwarewa? Ɗaya daga ciki ita ce ƙarancin malaman Ingilishi, gama harshensu Sifaniyanci ne, malaman firamare da yawa ba su jin Turanci. Daga shekarar 2012 suka fito da wata dabara. Sau ɗaya a mako wani malamin Ingilishi ya kan bayyana a babban allo na gilashi a gaban aji, yana ganin yara, suna ganinsa, suna magana da juna, shi kuwa watakila yana zaune a Ajantina ko a Filifin. Sauran darussa biyu na mako malamin aji ne ke bi da su, bisa shirin da suka yi tare. Ta haka malamin aji ba a ture shi gefe ba, shi ma yana koyon Ingilishin tare da yaransa. Suka kuma shirya wani dandali na lissafi wanda ke ba kowane yaro tambaya gwargwadon ƙarfinsa, in ya ci a ƙara masa mai wuya, in ya faɗi a koma da shi baya kaɗan, malami kuwa yana ganin inda kowa ya tsaya.

Ita ƙungiyar Negroponte ba ta kai ga burinta ba. Ta so ta raba ɗaruruwan miliyoyi, abin da ta raba a duniya duka bai wuce miliyan 3 da wani abu ba, Ruwanda ce ta fi karɓa a Afirka. Amma ta tsorata manyan kamfanoni, har su ma suka shiga ƙera ƙananan kwamfutoci masu araha.

A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu a kusan dukan duniya. A nan ƙasarmu jihohi da yawa suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin, gama rediyo ita ce ta fi shiga gidajen talakawa, amma yaro ba shi da halin ɗaga hannu ya yi wa rediyo tambaya. A Yurugwai kuwa yara suna da na'urorinsu a gida, malamai sun yi shekaru suna aiki da su, dandalin da za a haɗu yana nan a shirye. Cikin 'yan kwanaki yawancin yara suka ci gaba da karɓar aiki daga malamansu, suna yi, suna mayarwa a duba. Waɗanda abin ya fi yi wa wuya su ne na karkara, inda intanet ba ta da ƙarfi, don haka makarantunsu aka fara buɗewa, tun a watan Afrilu na shekarar.